Kwaskwarima Ba Gyara Ba Ce: Hattara da Tsofaffin Gine-ginen da Ake Sabuntawa

Duk wanda ya san Bompai, Sharaɗa da Chalawa a Kano, ko Kakuri a Kaduna, lokacin da injina ke ruri dare da rana, ya san yadda wuraren suka koma bayan durƙushewar masana'antu. A Kakuri, inda masaƙar KTL ta fara aiki tun 1957, manyan gine-gine sun daɗe a kulle. Yanzu da siminti da rodi suka yi tsada, masu kuɗi sun gane cewa sayen tsohon gini a gyara ya fi sauƙi a kan haƙa sabon tushe. Shi ya sa ake ganin tsohuwar masana'anta ta zama sito ko wurin casar shinkafa, tsohon ofis ya zama falaza mai shaguna, an lulluɓe fuskarsa da gilashi, an jera sola a saman rufi.

Wannan yayi ba a nan kaɗai yake ba. A Landan, tsohuwar tashar wutar lantarki ta Battersea ta sake buɗewa a 2022 a matsayin kantuna da ofisoshi. A Ingila ma, tun Afrilun 2023 doka ta hana ci gaba da bayar da hayar ginin kasuwanci da ke cin makamashi fiye da kima, abin da ya tilasta wa masu gidaje da yawa yin gyara. Raya tsohon gini abin so ne. Matsalar ita ce sau da yawa abin da ake yi a wurinmu kwaskwarima ce: a yi fenti, a sa tayil, a bar ciwon yana ciki.

Haɗari na farko nauyi ne. Kowane gini an auna abin da tushensa da ginshiƙansa za su iya ɗauka. Dakin da aka zuba don tebura da kujerun ma'aikata ba a yi shi don a jibga masa buhunan sukari ɗaruruwa ba. Haka kuma a ɗora sabon hawa a kan tsohon bene, ko a fasa bango don a faɗaɗa shago ba tare da an san ko shi ke riƙe da saman ba. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta a kan titin Beirut a watan Agustan 2022 ba, a tsakiyar kasuwar waya mai cike da jama'a. Idan gini zai faɗi, yakan ba da alama: tsaga mai faɗaɗa a jikin ginshiƙi, rodi ya fito ya yi tsatsa, dakin ya lotsa, ƙofa ta daina rufuwa. Filasta da fenti suna ɓoye waɗannan alamu, amma ba sa warkar da su.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma leburori ya fi shafa. Rufi da silin na tsofaffin masana'antu da ofisoshi da yawa an yi su ne da asbestos. Matuƙar yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da zarar an farfasa shi ko an yanka shi, ƙurarsa na shiga huhu ta zauna, ta iya jawo ciwon daji bayan shekara 20 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'insa na jawo wannan ciwo, kuma Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya tun 1999. Mu kuwa sai ka ga yaro a saman rufi yana dukansa da guduma ba ko takunkumi, a kuma kwashi ɓaraguzan a cike ramin unguwa. Ya kamata a jiƙa shi da ruwa, a kwance shi falle-falle ba tare da fasawa ba, a naɗe, a kai inda hukumar muhalli ta amince.

Na uku gobara ce. Tsohuwar waya da aka ja don fitila da fanka ba za ta ɗauki na'urorin sanyaya ɗaki, firiza da batiran sola ba. Sannan akwai fallayen alminiyam masu ƙyalli da ake manna wa fuskar falaza, waɗanda wasunsu roba ce mai kama wuta a cikinsu. Irinsu aka manna wa benen Grenfell na Landan lokacin da aka sabunta shi, kuma su suka yaɗa gobarar 14 ga Yuni, 2017, wadda ta kashe mutum 72. Kyan ɗan maciji ke nan.

Saboda haka, mai gini ya nemi injiniya mai rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta COREN ya binciki ginin kafin birkila ya ɗaga cebur, ya kuma karɓi izinin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, musamman in zai sauya amfanin wurin. Mai kama haya kuma kada ƙyalli ya ruɗe shi. Ya tambayi me ake yi a wurin a da, ya nemi ganin takardar izinin gyara, ya duba ko akwai ƙofar tsira ta biyu da tukunyar kashe gobara. Idan mai gida ya fara kame-kame, ɗan kasuwa ya nemi wani wuri, domin asarar kuɗin dillali ta fi asarar rai da jari sauƙi.