Giyar otomatik ba raguwa ba ce

A Achilafiya, da zarar mutum ya sayo a-kori-kura mai giyar otomatik, kafin a gama yi masa Allah sanya alheri shawara ta iso: "Alhaji, kai ta Kano a juye maka ita manuwal. Wannan giyar ba ta lodi ba ce." Masu faɗin haka dattawan direbobi ne da suka san hanyar Kazaure zuwa Babura tun ina goye, kuma ba su rasa hujja ba. In batir ya mutu, manuwal turi kawai take so. In kuloci ya ƙone, bakaniken bakin titi ya san kansa. Wannan kam na sallama musu.

Batun ƙarfi ne, a gafarce ni, ban yarda ba. Kamfanin Ford bai ƙara ƙera a-kori-kurarsa F-150 da giyar hannu ba tun bayan ƙirar 2008, kuma da ita Amurkawa ke jan tirela. Abin da ke kashe otomatik a wajenmu zafi ne da sakaci da mai.

Na taɓa tsayawa kan wani bakanike ya zaro sandar gwajin man giya, ya goga a farin tsumma. Man da ya kamata ya fito ja kamar zoɓo ya koma baƙi, yana ƙauri. Ya ce, "Maigida, yaushe rabonka da canza shi?" Mai motar ya sosa ƙeya. Tun da ta baro Kwatano ba a taɓa ba, sai dai ciko da duk man da aka samu, alhali a jikin sandar an rubuta irin wanda Toyota ke so, T-IV. Ga buhunan gero har sun danne sifirin, ga rairayi, ga zafin bazara, direba kuma ya bar ta a D. Ina laifin giya?

Shi kuwa juyen, ba cire wannan sa wancan ba ne. Bayan giyabos na Ƙofar Ruwa, wanda ba ka san wahalar da ya sha ba, akwai filawil da kuloci da feda ta uku, a kuma huda cikin motar. Sau da yawa farfela ba ta zuwa daidai, sai an yanke an yi walda, daga nan jijjiga ta samu gida. Birenbos kuma ya yi ta laluben giyar da babu ita, fitila na ci a dashbod. Makunnin da ke hana mota tashi cikin giya, haɗe wayarsa ake yi a wuce. Ranar sayarwa dillali ya leƙa ƙasa ya ga walda, ya zabtare kuɗi.

In giyar ta mutu murus, aka kuma samu 'yar'uwarta manuwal da za a kwashe kayanta gaba ɗaya, to a juye. Amma mai rai, a canza mata mai da matacinsa, a ƙara ɗan abin sanyaya man a gaban lagireto, a rage buhu biyar, sannan in an shiga yashin Gwiwa ko hawan Roni a ja ta zuwa L.