Ziyarar Karatu Zuwa Ƙasar Sin: Abin da Ɗalibai Suke Gani da Abin da Ke Ƙarƙashinsa

Gabatarwa

A shekarun baya-bayan nan makarantun sakandare da dama, na Afirka da na Turai da na sauran sassan Asiya, sukan shirya wa ɗalibansu ziyarar karatu zuwa ƙasar Sin, ta mako ɗaya ko biyu, domin su ga al'adun Sinawa da idonsu. Idan an dawo, akan nemi kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya ƙaru da shi, makaranta ta buga a mujallarta. Duk wanda ya zauna ya karanta irin waɗannan rahotanni zai tarar sun yi kama da juna kamar an tsaga kara. An hau Babbar Ganuwa an gaji. An sha fama da tsinkayen cin abinci. An ga tsutsar siliki, an sha shayi babu sukari, an leƙa kantin magungunan gargajiya. Daga ƙarshe sai ɗalibi ya ce tafiyar ta buɗe masa ido.

Ba na raina wannan, domin gani ya kori ji. Sai dai kuɗin da iyaye suke kashewa a irin wannan tafiya ba kaɗan ba ne, kuma galibin rahotannin sukan tsaya ne a kan mamaki kawai. A wurin ɗalibin kimiyya kuwa, mamaki mafarin aiki ne. Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne tambaya: me ya sa abin ya kasance haka? A wannan maƙala za mu ɗauki wasu daga cikin abubuwan da ɗalibai suka fi ambata, mu duba ilimin da ke kwance a ƙarƙashinsu.

Ganuwa da kunun shinkafa

Awon da hukumomin Sin suka bayyana a 2012 ya nuna cewa idan aka haɗa dukkan sassan Babbar Ganuwa, tsawonta ya kai kilomita 21,196. Sashen da ake kai baƙi kusa da Beijing, kamar Badaling da Mutianyu, ginin zamanin daular Ming ne, wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644. Kusan kowace shekara sai an sami ɗalibin da ya rubuta cewa ana hangen ganuwar daga duniyar wata. Wannan ba gaskiya ba ne. Faɗinta 'yan mitoci ne, nisan wata kuwa kimanin kilomita 384,000. Daidai yake da a ce mutum ya hango silin gashi daga nisan kilomita 3. Yang Liwei, Basinen farko da ya je sararin samaniya a 2003, ya ce shi bai gan ta ba.

Abin da ya fi cancanta a rubuta yana nan tsakanin tubala. Maginan zamanin Ming sukan kwaɓa farar ƙasa da kunun shinkafa mai danƙo. Binciken da masana na Jami'ar Zhejiang suka buga a 2010 ya nuna cewa wani nau'in sitaci da ke cikin shinkafar, mai suna amilofektin, yana hana ƙwayoyin farar ƙasar yin girma, sai su fito ƙanana su matse da juna, ruwa ya kasa ratsa su da sauƙi. Ɗalibin da ya taɓa ganin magina suna shafe katanga da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ba zai ga dabarar baƙuwa ba.

Tsutsar siliki

Nan ne ya kamata malamin ilimin halittu ya ja burki, ya hana ɗalibai wucewa da sauri zuwa kantin sayar da gyale. A gidajen adana tarihin siliki na Suzhou da Hangzhou akan nuna wa baƙi yadda ake kiwon tsutsar da yadda ake warware zarenta. Sunanta a kimiyyance Bombyx mori. Macen ƙwaron takan saka ƙwai 300 zuwa 500. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta da abincin da ya wuce ganyen bishiyar malberi. Cikin kamar mako huɗu takan yi saɓa sau huɗu, nauyinta ya ninka kusan sau 10,000. Daga nan sai ta daina ci, ta fara saƙa wa kanta kwanso.

A jikinta akwai wasu jakunkuna guda biyu masu samar da ruwan furotin. Ruwan yakan fito ta wata 'yar kafa kusa da bakinta, ya daskare ya zama zare. Zaren sili biyu ne na furotin mai suna fibiroyin, an manne su da wani danƙo mai suna serisin. Tsutsar takan yi kwana biyu zuwa uku tana jujjuya kai, har ta naɗe kanta da zare guda ɗaya tak wanda bai tsinke ba, mai tsawon mita 300 zuwa 900.

Ɗalibai da yawa sukan rubuta cewa ransu ya ɓaci da suka ga ana jefa kwanson cikin ruwan zafi alhali akwai rai a ciki. Tausayin yana da kyau, amma ya kamata a san dalilin. Idan aka bar halittar ta kammala rikiɗa ta zama ƙwaro mai fukafukai, za ta jiƙa bakin kwanson da wani ruwa ta huda shi ta fita, dogon zaren nan ya lalace, ba zai warwaru ba. Don haka ake kashe ta da tururi ko zafi tun tana ciki, sa'an nan ruwan zafi ya sassauta danƙon a samo bakin zaren. A wasu yankunan Sin ma soya abin da ke cikin kwanson ake yi a ci.

Babban darasin kuwa yana jikin ƙwaron da aka bari ya fito domin iri. Yana da fukafukai amma ba ya tashi. Launinsa fari ne fat, babu abin da zai ɓoye shi daga tsuntsu. Kakansa na daji, Bombyx mandarina, har yau yana nan, yana tashi, launinsa kuma ya saje da ɓawon itace. Kimanin shekara 5,000 ke nan Sinawa suna zaɓar masu babban kwanso da masu zama wuri ɗaya su bar su su hayayyafa, har aka wayi gari halittar ba ta iya rayuwa sai a hannun mutum. Wannan shi ne zaɓin iri da ɗan Adam yake yi, wanda ke cikin manhajar sakandare, kuma wanda Charles Darwin ya kafa hujja da shi a 1859 wajen bayanin yadda halittu suke sauyawa. Ga shi a faifai a gaban ɗalibi, yana motsi.

Mu ma muna da silikinmu, ko da yake yara da yawa ba su sani ba. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi daga tsutsar daji ake samunsa, ta dangin Anaphe. Bambancin shi ne waɗannan tsutsotsi taruwa suke yi su saƙa babban gida ɗaya, zarurrukansu a sarƙe, don haka ba a iya warware shi. Sai an dafa da toka, an shaƙe, an kaɗa kamar auduga. Shi ya sa ba ya sheƙi irin na silikin Sin. Tasu an yi kiwonta, tamu tana daji yadda take. Kwatanta su biyun kaɗai ya isa rahoto guda.

A nan zan ba malamai shawara. Kafin a tashi, a raba wa kowane ɗalibi littafin rubutu, ya ja layi a tsakiyar kowane shafi. A hagu ya rubuta abin da ya gani, da adadi da awo in ya samu. A dama ya rubuta tambayar da abin ya tayar masa. Ranar da ɓangaren dama ya kwana babu komai, yawon buɗe ido aka yi, ba karatu ba.

Ganye ɗaya, shayi iri-iri

A ƙauyen Longjing da ke gefen Hangzhou akan nuna wa baƙi yadda ake gasa ɗanyen ganyen shayi da tafin hannu a cikin babban kasko. Ɗalibai sukan ɗauka koren shayi da baƙi daga bishiyoyi daban suke. Tsiro ɗaya ne, Camellia sinensis. A cikin ganyen akwai wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta sauyi a jikin abu mai rai. Idan aka murje ganyen aka bar shi a iska, inzayim ɗin yakan haɗa iskar oksijin da wasu sinadaran ganyen, launi ya koma ja-ja, ɗanɗano ya sauya: baƙin shayi ke nan. Idan kuwa aka gasa shi da wuri, zafi ya kashe ƙarfin inzayim ɗin, ganyen ya tsaya kore. Abin da ke sa doya ta yi duhu bayan an fere ta ke nan. Kalmar shayi kanta daga Sinanci ta taso, ta biyo ta Larabci ta iso mu, kuma koren ganyen da ake dafawa a ƙaramar buta a Agadas da Damagaram galibinsa daga Sin ake kawo shi.

Kantin magani

Wannan shi ne wurin da tunanin ɗalibai ya fi rabuwa biyu. Wasu sukan dawo suna cewa Sinawa suna da maganin kowace cuta tun shekaru dubbai. Wasu su ce duk camfi ne. Dukkansu sun yi gaggawa, kuma labarin Tu Youyou ya isa ya nuna haka.

A lokacin yaƙin Biyetnam zazzaɓin cizon sauro ya addabi sojoji, ƙwayar cutar kuma ta daina jin kulorokwin. A ranar 23 ga Mayu, 1967, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri domin neman sabon magani, aka kira shi Shiri na 523. A 1969 aka ɗora wa Tu Youyou jagorancin wani rukuni. Ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, suka gwada ruwan tsirrai kusan 200 a jikin ɓeraye. Kusan dukkansu ba su yi aiki ba. A lura da wannan adadi da kyau. Wani tsiro mai suna Artemisia annua, ɗan uwan ganyen da muke kira tazargade, yakan yi aiki yau, gobe ya ƙi. Sai ta koma ga wani littafi na Ge Hong, masanin da ya rayu a ƙarni na 4, ta ga shi jiƙa ganyen ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Ta yi zargin zafi ne yake ɓata sinadarin, ta koma tatsarsa da ita, wani ruwa mai tafasa a digiri 35 kacal. A watan Oktoba na 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar baki ɗaya a jikin ɓeraye. A 1972 ita da wasu abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a ba majinyata. Sinadarin shi ne atemisinin, kuma a 2015 aka ba ta lambar Nobel.

Tsohon littafi ya ba da alama, gwaji ne ya tabbatar. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma tun 2005 magungunan da aka haɗa da atemisinin ne na farko da ake bayarwa a asibitocinmu. Amma kada wani ya ce to bari ya jiƙa tazargade ya sha a madadin ƙwaya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka, saboda yawan sinadarin a ganye ba shi da tabbas. Idan ya gaza, ƙwayoyin cutar masu taurin kai ne za su tsira su hayayyafa. An riga an ga alamun irin wannan turjiya a Kambodiya, daga baya kuma a Ruwanda da Uganda. Zaɓin iri ne dai irin na tsutsar siliki, sai dai wannan karon ba da niyyarmu ba, kuma a kanmu zai ƙare.

A kantin nan dai ɗalibi zai iya ganin wasu baƙaƙen dunƙule masu sheƙi a cikin akwati mai ado, ana kiransu ejiao, ana cewa suna ƙara jini. Da fatar jaki ake yin su. Ana dafa fatar har furotin ɗinta mai suna kolajin ya narke ya zama danƙo, kamar yadda romon ganda yake daskarewa idan ya huce. Jakunan Sin sun ragu daga kimanin miliyan 11 a 1992 zuwa ƙasa da miliyan 2 bayan shekara 30, sai masana'antun suka juyo Afirka neman fata. Jaka kuwa takan ɗauki ciki na kusan wata 12, ta haifi ɗa ɗaya, don haka haihuwa ba za ta taɓa kamo yanka ba. Farashin jaki ya tashi a kasuwanninmu, satarsu ta yawaita, mai ɗibar ruwa da mai kai taki gona suka shiga wahala. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, sa'an nan a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da haramta yanka jakuna domin fatarsu a faɗin nahiyar. Ɗalibin da ya tsaya gaban wannan akwati yana da tambayoyi biyu da zai rubuta a ɓangaren dama na littafinsa: wane gwaji aka yi wa abin da ke ciki, irin wanda aka yi wa samfuri na 191, kuma daga wace kasuwa aka sayo jakin?