Yadda Sarƙoƙin Polima Masu Ɓangare Biyu Ke Jera Kansu

Abin da masana kimiyya ke kira polima shi ne doguwar sarƙa ta ƙananan ƙwayoyin sinadari, an jona su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi. Leda da roba duk polima ne. To, akwai wani iri wanda wani ɓangare na sarƙarsa na wani sinadari ne, ɗaya ɓangaren kuma na wani daban, alal misali polistairin da polibutadayin. Ƙera irin wannan sarƙa bisa ƙa'ida ya sauƙaƙa ne bayan 1956, sa'ad da Michael Szwarc a Amurka ya gano dabarar tsawaita sarƙa ba tare da bakinta ya mutu ba.

Galibi polima biyu mabambanta ba sa gauraya, zaman mai da ruwa suke yi. Da a rabe suke, da kowanne ya ware gefe guda. Amma ƙarshen wannan a ɗaure yake da ƙarshen wancan. Saboda haka nisan da za su iya yi da juna bai wuce tsawon sarƙar ba, wato kimanin nanomita 10 zuwa 100 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya). Bugu da ƙari, sarƙa ba ta son miƙewa, ta fi son zama a murɗe. Daga tsakanin ƙin juna da ƙin miƙewa ne tsari yake fitowa, ba da hannun kowa ba.

Siffar tsarin ta dogara ga rabon ɓangarorin. In sun yi daidai, sai su kwanta shimfiɗa bisa shimfiɗa. In ɗaya ya ƙaranta, sai ya zama sanduna jere kamar ramukan saƙar zuma. In ya ƙara raguwa, ya koma ƙananan ƙwallaye. Ludwik Leibler ya nuna a 1980 cewa, idan ɓangarorin daidai suke, tsari ba ya bayyana sai ma'aunin ƙin juna, an ninka shi da tsawon sarƙa, ya haura 10.5. Ke nan gajeriyar sarƙa a gauraye take zama.

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan? Ya dubi robar Kraton da kamfanin Shell ya fitar a shekarun 1960, wadda ake sawa a tafin takalmi da kwalta. Polistairin yana bakuna biyu na sarƙarta, ya taru ya daskare, ya riƙe tsakiyar mai laushi. Da zafi ya wuce digiri 100 sai ya yi taushi a sake ƙera ta, abin da robar taya ba ta yarda da shi.