Hoton Mai Kaɗa Fiyano: Aikin da Ke Buƙatar Shiru

Mai ɗaukar hoton da ya koyi sana'a a bukukuwan Hausawan Fatakwal, Anacha ko Gariki ta Inugu ya saba da kalangu, wanda amonsa ke haɗiye kowane motsi. Ranar da aka gayyace shi ƙaramin zaure inda mutum guda ke kaɗa fiyano, lissafi ya sauya. Ƙarar kyamara sau ɗaya, a gaɓar da sauti ya lafa, tana iya tsinke wa makaɗi tunani, ta kuma jawo wa mai hoton asarar aiki na gaba.

Shi ya sa ƙwararru ke kashe filasha, su jira kiɗa ya yi ƙarfi kafin su latsa. Sukan zauna a hagun zauren, domin daga nan ake hango yatsu a kan maɓallai 88. Baƙin jikin fiyano yakan ruɗi ma'aunin haske, don haka da fuskar makaɗi ake auna shi.

Kunne ma yana da rabonsa. Sunmi Smart-Cole, haifaffen Fatakwal a 1941, ya yi kiɗan jaz kafin ya shahara da hoto. Joshua Uzoigwe, wanda ya yi karatu a Nsukka, ya tsara wa fiyano kiɗa mai kwaikwayon ganguna, kuma wanda ya tashi da kalangu ba zai kasa gane inda bugu zai sauka ba.

Jami'in da ke shirya irin wannan zama kuwa, ya nemi izinin makaɗin tun kafin a buɗe ƙofa.