Daga Zaure Zuwa Shago: Takardar Sarki Ba Ta Isa Ba

A zangunan Salaga da Yendi da Bawku, mukan ga uwargida ko magidanci ya yi niyyar fasa bangon zaure ya buɗe ɗan shago na kayan nishaɗi: zare da kwarashi, duwatsun ado, ludo, ko kejin tantabaru. Da yawanmu muna zaton tun da gidan gado ne, magana ta ƙare.

A wurare da yawa na arewacin Gana, fili yana hannun sarakuna, kamar Ya-Na a Yendi da Kpembewura a Salaga. Amma takardar sarki shaidar samun fili ce kawai. Abin da za a yi a kan filin kuwa, majalisar gunduma ke da hurumin yanke hukunci, bisa dokar tsara amfani da filaye ta 2016, mai lamba 925. Mayar da ɗakin zama wurin ciniki sauyin amfani ne, sai an nemi izini. Jami'an tsare-tsare za su duba taswirar wurin da zanen ginin, su tabbatar ƙofar ba ta ci hanya ko magudanar ruwa ba. Lasisin kasuwanci na shekara-shekara daban yake.

Inda muka fi tuntuɓe shi ne gidajen kakanni, waɗanda sau da yawa ba su da takarda, magada kuma sun watsu har Kumasi da Ankara. Gara a tara sa-hannunsu kafin a sayi siminti, domin ranar da jan fentin majalisa ya hau bango, jarin uwargida ne zai kwanta.