Akwatin ajiyar da kamfani ya juya wa baya

A watan Yunin 2021 mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari akwatin ajiyarsu na My Book Live, ƙirar Western Digital, ya zama fanko. Hotunan iyali da takardun aiki duk an share su daga nesa ta intanet. Da aka bi diddigi, ashe tun 2015 kamfanin ya daina sabunta manhajar da ke cikin akwatin.

Irin wannan na'ura, wadda ake kira NAS, ƙaramar kwamfuta ce mai ɗauke da faifan ajiya. Ana jona ta da intanet ɗin gida, kowa ya adana kayansa a ciki ta waya ko kwamfuta. Ƙarfenta kan yi shekara goma bai gaji ba, amma manhajar cikinta tana tsufa, ɓarayin intanet kuma ba sa barci. A Afrilun 2024 an gano ɓaraka a wasu tsofaffin akwatunan D-Link, ciki har da DNS-320L da DNS-325. Amsar kamfanin ita ce wa'adinsu ya ƙare, a sayi sabo. Mu da kayan gwanjo ke cika mana kasuwa, irin waɗannan ne suke zuwa hannunmu da araha.

A nan ne 'yan sa-kai suke shigowa. Bayan Linksys ya fitar da NSLU2 a 2004, wasu masu sha'awar manhajar Linux suka haɗu suka rubuta masa manhajar Unslung, suka sa ɗan akwatin yin ayyukan da kamfanin bai tanada ba. João Cardoso ya gina manhajar Alt-F don akwatin DNS-323 da 'yan uwansa. Volker Theile kuwa ya fara OpenMediaVault a 2009, wadda ke mayar da tsohuwar kwamfuta rumbun ajiya. Duk kyauta ake sauke su, kuma galibin irin wannan aiki da dare ake yin sa, bayan an taso daga neman abinci.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda wasu ke yi musu magana kamar sun biya kuɗin aiki: "Abinka ba ya yi, gyara yanzu!" Wannan ɗabi'a tana da haɗari na gaske. A 2024 an gano wata ɓoyayyar ƙofa da aka dasa cikin XZ Utils, manhajar da ke cikin kusan kowace Linux. Mai kula da ita, Lasse Collin, shi kaɗai ne kuma ya gaji, ana ta matsa masa lamba, har ya ba wani da bai sani ba damar taɓa aikin, shi kuwa ya dasa ƙofar. Wani injiniya, Andres Freund, ne ya lura kafin ta bazu.

Saboda haka idan manhajar wani ta raya maka akwati, ka aika masa ɗan abin da ya sawwaƙa in yana karɓar gudummawa. In babu kuɗi, rahoton matsala mai kyau ma taimako ne: lambar ƙirar akwatinka, sigar manhajar, abin da ka yi da abin da ya biyo baya. Ka karanta bayanin da ya rubuta kafin ka yi tambaya. Godiya ma ba ta cin kuɗi.

Sai dai manhajar sa-kai ita ma tana tsufa, don haka duba ranar da aka sabunta ta a ƙarshe, kuma kada ka sauke ta sai daga shafin masu ita. Kafin ka ɗora ta, kwafe kayanka zuwa wani faifai daban, ka tabbatar ta dace da ainihin ƙirar akwatinka. Kada kuma ka fara sai akwatin na kan inbata ko batiri, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar ɗorawa, yana iya ƙin tashi gaba ɗaya.