Garin da Sunansa Wanka: Ziyara Zuwa Birnin Bath na Ƙasar Ingila

A watan Afrilun 2024 na sami damar zuwa ƙasar Ingila domin in ziyarci yayata da ke aikin jinya a birnin Bristol. Daga can ne wata ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa Bath, tafiyar da ba ta wuce minti 15 ba. Ni ba Bahaushiya ba ce, a aji na koyi Hausa, saboda haka na kafa wa kaina doka cewa duk abin da na gani a tafiya sai na rubuta shi da Hausa a ɗan littafina. A ranar nan dokar ta ba ni wahala. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu yadda ruwan zafi ya gina gari sukutum, da kuma kalmar da ta gagare ni fassarawa.

Da farko dai, ma'anar sunan garin da Turanci ita ce wanka, ko wurin wanka. Kada mai karatu ya yi dariya, domin a Kano ma akwai Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki. Mutum yakan sa wa wuri sunan ruwan da ya tara jama'a a wurin. Haka Jamusawa suka yi wa garin Baden-Baden, kuma kalmar "spa" da ake gani a allon otel-otel namu sunan wani gari ne mai irin wannan ruwa a ƙasar Beljiyam. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne kogin da ya ratsa Bath, wato Avon. Kalmar ta fito ne daga harshen mutanen da suka riga Turawan Ingila zama a wurin, kuma ma'anarta "kogi". Ke nan duk wanda ya ce Kogin Avon, Kogin Kogi ya ce.

Daga Ina Ruwan Yake Fitowa?

Ruwan sama ne, wanda masana suka ce ya sauka a kan tsaunukan Mendip da ke kudu da garin shekaru dubbai da suka wuce. Ya tsatsafa ta cikin duwatsu zuwa zurfin da ya kai tsakanin mita 2,700 da 4,300, inda zafin cikin ƙasa ya dafa shi, sannan ya sami tsaga a jikin dutse ya dawo sama. A kowace rana babbar maɓuɓɓugar tana fitar da lita fiye da miliyan ɗaya, kuma zafin ruwan ya kai digiri 46. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki na Yankari, mai digiri 31, zai gane bambancin: na Wikki ɗumi gare shi, na Bath kuwa tururi yake yi.

Rumawa ne suka fara yin babban gini a wurin, tsakanin shekara ta 60 da ta 70 miladiyya. Sun tarar mutanen ƙasar suna bauta wa wata gunkiya mai suna Sulis a bakin ruwan. Ba su kore ta ba, sai suka haɗa ta da tasu mai suna Minerva, suka kira garin Aquae Sulis, wato Ruwan Sulis. Babban kwamin wankan da suka gina yana nan har yanzu, zurfinsa mita 1.6, an shimfiɗe ƙasansa da darma. Ruwan kore shar yake, amma a zamanin Rumawa ba haka yake ba. A da akwai rufi a kansa. Da rufin ya rushe sai rana ta samu shiga, gansakuka ta yi yawa. Ba a barin kowa ya shiga. An hana ne tun 1978, bayan da wata yarinya ta rasu sakamakon wata ƙwayar cuta da ta ɗauka a ruwan garin. Mai son wanka sai ya tafi sabon gidan wanka da aka buɗe a 2006, inda ake tace ruwan. Akwai dai famfon da ake ɗanɗanawa. Na kurɓa sau ɗaya, na ji kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa a ruwan ɗumi, ban ƙara ba.

Takardun Allah Ya Isa

A nan ne na fi daɗewa, har yayata ta fara duba agogo. Lokacin da aka yashe maɓuɓɓugar an tsamo kuɗin Rumawa fiye da 12,000 da mutane suka jefa, tare da wasu 'yan fallayen darma da kuza kimanin 130 masu rubutu a jiki. Yawancinsu ƙara ce. Mutum zai zo wanka ya tuɓe kayansa ya ajiye, kafin ya fito ɓarawo ya yi gaba da su. Tun da ba shi da wanda zai kai wa kuka, sai ya karce kokensa a jikin darma, ya jefa wa Sulis a ruwa. Wani mai suna Docimedis safar hannu biyu kawai aka sace masa, amma ya roƙi ɓarawon ya rasa hankalinsa da idanunsa. Da yake masu ƙarar ba su san ɓarawon ba, sukan bi kowace kafa su toshe: ko namiji ne ko mace, ko bawa ko ɗa. Wasu ma a juye suka rubuta haruffan.

Me ya sa wannan ya shafe mu ɗaliban harshe? Dalili shi ne Latin ɗin da ke jikin fallayen nan ba na littafi ba ne. Na talaka ne, mai kurakuran rubutu da karin harshen yankin, kuma daga kurakuran ne masana suke gano yadda mutane ke furta kalmomi a lokacin. Akwai ma guda biyu da ake kyautata zaton da harshen 'yan ƙasa aka rubuta su, ba da Latin ba. Ina tsaye a wurin sai na tuna rubuce-rubucen da ke jikin manyan motoci da bangon shaguna a Sabo, waɗanda muke wucewa muna cewa ba daidaitacciyar Hausa ba ce. A ganina kuskure muke yi da ba ma tattara su.

Yawancin sauran tsohon garin an gina shi ne a ƙarni na 18, lokacin da masu kuɗin Ingila suka mayar da shan ruwan Bath abin yayi. Kusan duk gine-ginen da dutse iri ɗaya aka yi su, mai launin zuma. Mafi shahara shi ne Royal Crescent, gidaje 30 a jere cikin siffar jinjirin wata. Hukumar UNESCO ta sanya birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, ta kuma sake sanya shi a 2021 tare da wasu garuruwan ruwan magani guda goma na Turai. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne Sarkin Habasha Haile Selassie ya yi gudun hijira a nan daga 1936, bayan da Italiya ta mamaye ƙasarsa, kuma daga baya ya bai wa birnin kyautar gidan da ya zauna.

Bayan Gari da Matsalar Bazara

Da rana ta karkata sai muka hau tudun da ke gabashin garin, inda akwai hanyar ƙafa mai kusan kilomita 10 da ta ratsa makiyaya da kurmi. Ba mu gama ta ba. Minti kaɗan da barin hayaniyar motoci sai ga tumaki da 'ya'yansu sababbin haihuwa. Gonaki daga nesa sun yi rawaya fes da furen wani tsiro da ake matse mai daga 'ya'yansa. A cikin kurmi ƙasa ta rufe da shuɗin fure, ga ƙamshin tafarnuwar daji ko'ina. Yayyafi ya sauko sau biyu ya ɗauke, ina sanye da rigar sanyi biyu, kuma har kusan ƙarfe 8 na dare da sauran haske.

Na zauna in rubuta sunan wannan lokaci, sai alƙalami ya tsaya. Turawa suna ce masa "spring", kalmar da kuma take nufin maɓuɓɓugar ruwa, domin duka biyun daga ma'anar tsirowa ko ɓullowa suka fito. Ke nan su da kalma ɗaya sun ambaci ruwan Bath da lokacin da na ziyarce shi. Mu kuwa yawanci "bazara" ake cewa a fassara, saboda watannin sun zo ɗaya, daga Maris zuwa Mayu. To amma bazara a wurin Bahaushe ita ce tsananin zafi, rijiyoyi sun ja baya, ana sharar gona ana duban gabas. Idan na rubuta cewa na je Bath da bazara ina rawar ɗari, mai karatu a Katsina zai ce ban iya Hausa ba. Damina ma ba ta yi ba, domin ruwan Ingila ba shi da wata guda da ya keɓe. Kalmomin lokaci na Hausa a kan ruwan sama da noma aka gina su, na Turawa kuwa a kan sanyi da tsawon yini. A ƙarshe na rubuta "lokacin tohon itatuwa, bayan fitar hunturu".

Da na dawo na nuna wa malaminmu na darasin fassara. Ya karanta ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, kin yi ƙoƙari, amma kin taɓa lura da itatuwan Arewa a watan Afrilu?" Ya ce da yawansu da bazara suke fitar da sabon ganye, tun kafin ɗigon ruwa ya sauka, saboda haka waɗanda suka zaɓi kalmar ba su yi nisa da gaskiya kamar yadda nake zato ba. Ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin fassarata, ya rubuta "ta yi tsawo" a gefe. Har yanzu ban goge ta ba, kuma ban sami wadda ta fi ta gajarta ba.